Ƙwayar Halitta Na Lalubar Inda Ta Zauna

Mai karatu, ka taɓa tambayar kanka me ya sa ƙashin mutum yake karɓar wani ƙarfen da likita ya dasa masa, ya rungume shi tamkar nasa, wani kuma jiki ya naɗe shi da tabo har ya soma girgiɗi? Amsar tana a fuskar ƙarfen, inda ƙwayoyin halittar jiki suke fara taɓawa.

A shekarun 1950, wani likita ɗan Suwidin, Per-Ingvar Brånemark, ya saka ɗan bututun titaniyam a ƙashin ƙafar zomo don ya kalli yadda jini ke gudana. Da ya zo cirewa sai abu ya ƙi fita, ƙashi ya manne da shi gam. A 1965 ya dasa wa mutum na farko turakun haƙori na titaniyam a birnin Gotenbag.

To, me ƙwayar take ji idan ta sauka a kan ƙarfe? A gaskiya ba ta taɓa ƙarfen kai tsaye. Da zarar an saka shi a jiki, furotin ɗin da ke cikin jini sun lulluɓe shi. Ƙwayar kuma tana da wasu ƙananan ƙugiyoyi a fatarta, ana kiran su intagirin, da su take cafke furotin ɗin, sannan ta ja. Wannan jan shi ne lalubenta. Idan wurin ya dake, ta ji. Idan ya lotsa, ta ji. Saƙon yana bin zaruruwan cikinta har ya kai cibiyarta, inda ake yanke hukuncin ƙwayoyin gadon da za a kunna.

Wani gwaji da Adam Engler da Dennis Discher suka wallafa tare da abokan aikinsu a 2006, daga Jami'ar Pensilbaniya a Amurka, ya nuna girman lamarin. Sun ɗauki ƙwayoyin asali na ɓargo, waɗanda ba su riga sun zaɓi abin da za su zama ba, suka shimfiɗa su a kan daskararren ruwa mai tauri daban-daban. Abinci iri ɗaya suka ba su. Na kan mai laushi kamar ƙwaƙwalwa suka soma ɗaukar kamannin ƙwayoyin jijiya, na kan mai matsakaicin tauri suka karkata ga tsoka, na kan mai tauri sosai suka nufi ƙashi. Da aka ba su maganin da ke hana su ja, sai bambancin ya ɓace. Amma ka lura, alamun jijiya suka nuna, ba wai sun zama jijiya mai aiki ba. Nan ne masu yaɗa labarin kan yi zuzutawa.

Ba tauri kaɗai ba, har da zanen fuskar. A 2007 Matthew Dalby da abokansa a Jami'ar Gilasgo suka huda ramuka masu faɗin nanomita 120 a kan roba. Nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita, ka ga ko ido bai isa ba. Da aka jera ramukan cif a layi, ƙwayoyin ba su kama wurin da kyau ba. Da aka ɗan goce da kowane rami kaɗan daga layinsa, sai suka fara ajiye ma'adinin ƙashi ba tare da an zuba musu sinadarin da ke tura su ba.

Shi ya sa masu ƙera turakun haƙori ba sa barin sashen da zai shiga ƙashi sumul. Sukan feshe shi da tsakuwa mai laushi, su wanke da asid, ya yi kaushi. Sai dai kaushin da ke jawo ƙwayar ƙashi yana ba ƙwayoyin cuta maɓoya. Idan suka riga isa suka kafa sansani, maganin kashe su ba ya cin su da sauƙi, wani lokacin ma dole a sake yi wa majinyaci tiyata a cire dashen gaba ɗaya. Aikin da masu bincike ke fama da shi yanzu shi ne ƙera fuskar da ƙwayar jiki za ta kama da wuri, ƙwayar cuta kuwa ta rasa wurin sa ƙafa.