Yashin Legas da rigimar ganuwar teku

A gaɓar tekun Afirka ta Yamma, yashi ba ya zama wuri ɗaya. Igiyar ruwa tana zuwa a karkace daga kudu maso yamma, ta tura yashi kan tudu, ta janyo shi ƙasa, kowace igiya ta gusa da shi kaɗan zuwa gabas. Haka yake tafiya dare da rana, daga Gana zuwa Togo, zuwa Benin, har Najeriya. Duk wanda ya tare wannan tafiya, to ya hana na gabas da shi rabonsa.

Tsakanin 1908 da 1912 Turawan mulkin mallaka suka jera dogayen shingayen duwatsu a bakin mashigar tashar jiragen ruwan Legas, domin yashi ya daina toshe wa jirage hanya. Buƙata ta biya. Amma yashin sai ya taru a yamma, wajen Lighthouse Beach, yayin da Bar Beach da ke gabas ta shiga zaizayewa. Shekara da shekaru gwamnati na kwaso yashi tana zubawa, teku na kwashewa, har ruwa ya riƙa malalowa kan titin Ahmadu Bello a Victoria Island.

A 2008 aka soma aikin Eko Atlantic: a cike teku da yashi, a gina sabon birni, a kange shi da ganuwar duwatsu da manyan tubalan kankare mai tsawon kilomita da dama. Masu aikin sun ce ganuwar ta ceci Victoria Island, kuma da gaskiyarsu, titin ya huta da ambaliya.

Sai dai a gabas, a ƙauyukan masunta irin su Okun Alfa da ke yankin Lekki, labarin daban ne. Teku ya ci hanya, ya tumɓuke itatuwan kwakwa, ya shiga ɗakunan mutane. Wanda ya saba ɗaure kwale-kwalensa nesa da gida, yau ruwa na dukan ƙofarsa. Mazauna suna ɗora laifin a kan ganuwar da kuma haƙar yashi a cikin teku. Kamfanin da ke aikin Eko Atlantic bai yarda da hakan ba. Wasu kuma suna nuna tsofaffin jiragen da suka maƙale a gaɓa suna karkatar da igiya. Gwamnatin jihar ta jera ƙananan shingaye a gaɓar Lekki, zaizayar ta ƙara matsawa gabas.

Abin ya yi kama da maƙwabcin da ya ɗaga dakalin ƙofarsa da damina, ruwan lungu ya koma gidan na kusa da shi. Abin da ke damuna shi ne kullum ruwan yana komawa ne wajen wanda ba shi da kuɗin gina tasa katangar, kuma ba kasafai ake zama da shi ba kafin a jefa dutsen farko. Tashoshin jiragen ruwan Lome da Kwatano ma sun bar irin wannan zaizaya a gabashinsu, kuma yashin da suka tare, da can zai gangaro ne zuwa Najeriya.