Yis da Sirrin Tashin Ƙullun Waina

Duk mai tuyar waina a Dabai, kusa da Zuru cikin Jihar Kebbi, ta san cewa ƙullun da ke tashi cikin 'yan sa'o'i a watan Afrilu yakan kwana bai motsa ba a watan Janairu. Shinkafa ɗaya, hannu ɗaya, amma waina ta fito da tauri, masu saye su juya baya, jari ya raunana. Dalilin haka kuwa shi ne, yis abu ne mai rai, kuma kowane mai rai yana da sharuɗɗan rayuwarsa.

Yis halitta ce mai ƙwaya ɗaya tak, dangin naman kaza, wadda ido ba ya gani sai da madubin ƙara girma. Louis Pasteur, masanin ƙasar Faransa, shi ne ya tabbatar tun daga 1857 cewa irin waɗannan halittu ne ke sa abu ya tashi ko ya yi tsami.

Sharaɗi na farko shi ne ruwa. Busasshen yis na kanti barci yake yi, sai ya jiƙa yake farkawa. Na biyu abinci, wato sukari, ko wanda aka zuba ko wanda ke fita daga sitacin hatsi. Idan yis ya ci sukari sai ya fitar da iskar kabon dayokzaid, wadda ke kumbura ƙullu ta bar ramukan nan na cikin waina. Da isasshiyar iskar oksijin kuma yakan hayayyafa da sauri, kowace ƙwaya ta tsirar da 'yarta a gefenta, har adadinsu ya ninka cikin kimanin sa'a biyu.

Na uku, wanda ya fi wahalar da mutanenmu, shi ne ɗumi. Yis ya fi walwala tsakanin digiri 25 da 35 a ma'aunin Salsiyas. Sanyin daren hunturu ba ya kashe shi, rage masa kuzari kawai yake yi. Saboda haka a dama ƙullu da ruwa mai ɗumi, a rufe shi, a ajiye cikin ɗaki. Amma a kula, domin ruwan da ya kai digiri 60 kashe shi yake yi ɗungurungum, kuma babu jiran da zai tayar da wannan ƙullu. A bazara kuwa akasin haka ake fama da shi: ƙullu ya tashi da wuri, bakteriya masu kawo tsami su yi yawa, sai a rage lokacin jira.

Daga ƙarshe, yis yana son ɗan tsami kaɗan, kuma gishiri mai yawa yana zuƙe masa ruwan jiki. Don haka hikima ce a jinkirta zuba gishiri da ruwan kanwa har sai ƙullu ya tashi, an ɗora tanda a wuta.