Kireyatin da ciwon damuwa: abin da bincike ya nuna

Daga Bonkuku, babban garin Imanan, har zuwa Filinge, akwai wata cuta da ba a cika kiran sunanta ba. Mai ita ya kan daina barci, abinci ya fita ransa, aiki ya gagare shi, ya ƙaurace wa mutane har tsawon makonni. Dangi su ce iskoki ne, a nufi wurin boka. Likitoci na kiranta ciwon damuwa, kuma ƙungiyar lafiya ta duniya OMS ta ƙiyasta a shekara ta 2023 cewa mutum miliyan 280 ke fama da ita.

A ƴan shekarun nan labari ya bazu ta wayoyin salula cewa wani farin gari mai suna kireyatin, wanda ƴan wasa ke sha domin ƙarfin jiki, yana maganin wannan cuta. Kireyatin ba baƙon abu ba ne. Wani Bafaranshe, Michel Chevreul, ya gano shi cikin nama a 1832. Hanta da ƙoda suna haɗa wajen garam 1 a yini, saura kuma daga nama da kifi yake zuwa. Aikinsa ajiyar ƙarfi ne, ita kuwa ƙwaƙwalwa tana cinye kusan kashi 20 bisa 100 na ƙarfin jiki duka.

A 2012, a Koriya ta Kudu, an gwada shi kan mata 52 masu shan maganin escitalopram. Waɗanda aka ƙara wa garam 5 na kireyatin kullum har mako 8 sun fi sauran saurin samun sauƙi. A 2020 masanan jami'ar Utah ta Amurka sun duba abincin mutum fiye da 22.000: cikin masu ƙarancin kireyatin, wajen 10 bisa 100 ke da cutar, cikin masu yawansa kuwa wajen 6.

Amma fa a yi hattara. Matan Koriya ba su bar maganinsu ba, ƙari aka yi musu, kuma mutum 52 ba su isa a yanke hukunci ba. A 2007, a Isra'ila, garin ya tayar wa majinyata 2 masu ciwon sauyin hali da hankali. Mai ciwon ƙoda ma sai da izinin likita. Nama kaɗai ba zai wadatar ba: garam 5 ya fi abin da ke cikin kilo guda na naman sa.

Saboda haka ɗan kasuwar da aka yi wa tallar garin a Kwatano ko Lome, kada ya sayar da shi da sunan magani. Ma'aikacin da ɗan'uwansa ya shiga wannan hali, ya kai shi asibitin Filinge, in ta yi tsanani a wuce Pavillon E na babban asibitin Yamai. Ciwon damuwa yana warkewa in an nemi magani da wuri. Allah shi ba marasa lafiya sauƙi.