Abubuwan da ya kamata ka sani kafin ka nemi karatun aikin asibiti

Ka tambayi ɗan ajin kimiyya a Dandume, Funtua ko Malumfashi abin da yake son zama, da wuya amsar ta wuce likita ko nas. Da yawansu kuwa ba su taɓa wuni a asibiti ba, sai dai in an kwantar da wani nasu sun kai abinci.

Maki ne ke ba da gurbi

A Ingila da Amurka, makarantun likitanci kan duba ko mai nema ya taɓa aikin sa kai a asibiti. A Najeriya ba haka tsarin yake ba. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, makarantar ungozoma ta Malumfashi, da makarantun kiwon lafiya na Kankiya da Daura, sakamakon jarrabawa suke fara dubawa: kiredit a Turanci, lissafi, Bayoloji, Kemistiri da Fizik a WAEC ko NECO. Mai son likitanci ko jinya a jami'a sai ya haɗa da makin JAMB mai tsoka. Saboda haka duk wani zuwa asibiti da zai cinye lokacin bitar Kemistiri, asara ce.

To mene ne amfaninsa?

Ka san kanka tun kafin mahaifinka ya sayar da masarar shekara ya biya kuɗin makaranta. Akwai wanda ke son farar riga amma ba ya iya tsayuwa kusa da jini. Akwai wanda warin miki ba ya damunsa, amma kukan uwar da ɗanta ke suma shi ke karya masa zuciya. Littafi ba ya gaya maka cikin su wane ne kai. A ganina, wannan kaɗai ya isa dalili.

Sannan za ka gane asibiti ba likita kaɗai ba ne. A ƙananan asibitocin karkara, jami'in lafiyar al'umma da ungozoma su ne ke riƙe da wurin, ga mai gwajin jini, ga mai ba da magani, ga mai ajiye kati. Wataƙila aikin da ya dace da kai yana cikinsu.

Inda ake samun ƙofa

Dogon hutu yana faɗowa ne tsakiyar damina, daidai lokacin da zazzaɓin cizon sauro ke cika asibitoci da yara. A watannin ne ake bi gida gida, wata wata, ana ba yara 'yan wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5 maganin rigakafin zazzaɓin, aikin da aka fara gwadawa a jihar Katsina a 2013. Manya da aka horar ne ke rabon, haka ma ɗigon shan inna. Kai naka shi ne rakiya, riƙe takarda, da sauraron yadda ake lallashin maigidan da ya ce ba a shiga. Gonar gida ma tana jiranka a lokacin, don haka ku yi shawara da mahaifi: ko da safiya biyu a mako aka ba ka, ta wadatar.

Sai ranar awon ciki da ranar rigakafin jarirai a asibitin mazaɓarku. Je da takarda daga shugaban makarantarku da yardar iyaye, ka nemi izinin shugaban asibitin. Jera kati, kiran suna, rubuta nauyin jariri: a nan za ka fara gane yaron da tamowa ta kama tun daga bakin ƙofa. Ƙungiyar Red Cross da 'yan agajin ƙungiyoyin addini kuma suna koyar da taimakon gaggawa, kamar tsayar da jini idan fartanya ta sari mutum, da abin da ba a yi wa wanda maciji ya sara.

Kemis ba makaranta ba ce

Nan ne yara da dama ke ɓata. Yaro ya zauna a shagon magani wata uku, sai ka ji ana kiransa dakta, yana yin allura, har da ƙarin ruwa. Lasisin mai irin wannan shago bai ba shi damar yin allura ba, balle yaronsa. Allura a gurbin da bai dace ba tana iya taɓa jijiya ta nakasa ƙafar yaro har abada, kuma tsinin allurar da ya soke ka yana iya sa maka ciwon hanta ko ƙanjamau. Abin da ya fi damuna shi ne hali: wanda ya saba ba da magani da ka tun yana ɗan shekara 16, da wuya ya sake ƙanƙan da kai ya koya daga tushe. Kafin ka sami horo da lasisi, hannunka bai kai ga allura, ɗinki ko rubuta magani ba, ko da wani babba ya ce gwada.

Bakinka

Dandume gari ne da kowa ya san kowa. Matar da ka gani a layin awo ƙila matar maƙwabcinku ce da ba ta gaya wa ko surukarta ba tukuna. Abin da ka gani a asibiti ba a kai shi majalisa, ba a ɗauke shi hoto a sa a WhatsApp.

'Yan mata su nemi ma'aikaciya mace da za su riƙa bi, don ita ce za ta fi kwantar wa iyaye hankali. Kowa kuma ya tsaya ga aikin rana a cikin gari. Da yadda tsaron hanyoyin yankin yake, kada ɗan sakandare ya karɓi kwanan asibiti ko fita ƙauye da yamma.