Zumunta A Ƙafa Take: Tafiyata Duwatsun Adar Da Kaka

Yau labarin wata tafiya na kawo muku, wadda na yi shekara biyu ina gujewa.

Ni haifaffiyar Illela ce ta Jihar Sakkwato, maigidana kuwa asalinsa mutumin Adar ne. Gwaggonsa da ta riƙe shi tun yana maraya tana wani ƙauye kusa da Keita, cikin Jihar Tawa ta Nijar. Tun da aka kawo ni gidansa yake cewa mu je in gaishe ta, ni kuma kullum da uzurina. Da farko na laɓe da rufe iyaka da aka yi daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, daga baya na ce ciki, sannan na ce jego. Gaskiyar magana tsoron hanya nake ji. Ran nan da kakar 2022 ya dube ni ya ce, "Uwargida, Gwaggo ta tsufa. Idan ta rasu ba ta ga 'yar nan ba, ba zan ce miki komai ba, amma ba zan manta ba." Wallahi ranar ban iya cin tuwo ba.

Ya zaɓi kaka ne don da damina koramun Adar kan yanke hanya, da bazara kuma zafi ba a magana. Da kaka ruwa ya janye, an yanke gero, kowa na gida kafin samari su watse cin rani.

Muka yi canjin naira zuwa sefa a nan Illela, 'yan kabu-kabu suka tsallaka da mu Birnin Konni bayan an duba takardunmu. A tasha na fara shan kunya. Na tambayi mai fura, ta ce "ishirin", na miƙa mata sefa ashirin da biyar ina jiran canji, mata suka bushe da dariya. Ashe can da dala ake lissafi, dala ɗaya sefa biyar ce, wato ashirin ɗinta sefa 100 ke nan, jaka ɗaya kuwa sefa 1,000. 'Yar'uwa, ki riƙe wannan kafin ki yi ciniki.

Kuskurenmu na farko shi ne fita a makare. Mota ba ta cika ba sai bayan la'asar. Muka bi ta Tsarnawa inda hanya ke karkata arewa, muka wuce Badagishiri, ga duwatsu jajaye masu shimfiɗaɗɗen kai suna ta bayyana, ga dammunan gero jibge a gonaki. Tafiyar kilomita ɗari da 'yan kai ce, amma da tsaye-tsayen jandarmomi da saukar fasinja sai bayan isha'i muka shiga Tawa. Motocin Keita duk sun tashi.

Kuskure na biyu ya fi ciwo. Malam ya dogara da wani abokinsa na ƙuruciya, bai kuwa aika masa cewa muna tafe ba, ga layin wayarmu na Nijeriya ya ɗauke tun a hanya. Muka je gidan, aka ce mutumin ya yi wata uku a Abijan. Muka leƙa wani gidan saukar baƙi, kuɗin da aka faɗa na kwana ɗaya ya kusa cinye na komawarmu. Namiji zai iya shimfiɗa tabarma a tasha ko bakin masallaci, to ni fa da goyo, ga sanyin hunturu ya fara busawa? Na buɗe baki zan ce "ai na faɗa maka", na ga yadda idonsa ya yi ja, na haɗiye maganata.

Direban da ya kawo mu ne ya hango mu tsaye. Ya ji bayani, ya ce wa Malam, "Kai ka kwan zaure da ni, ita ta shiga wurin Inna." Tsohuwar nan ba ta tambayi sunana ba sai da ta ɗora ruwan zafi ta dama mini kunu. Ta ce, "Ɗiyata, kwanta ki huta, baƙo raɓa na." Da safe na ƙulla kuɗi zan ba ta, ta ɓata rai ƙwarai. Sabulu da turmin atamfa da na ware daga tsarabar Gwaggo su ta karɓa, tana ta sa albarka.

Daga Tawa muka bi ta Tamaske zuwa Keita, wajen kilomita 70, daga nan babura biyu suka hau da mu dutse. Na ɗaure yarinya tamau, ina ta salati har muka sauka. Allah Sarki Gwaggo! Ta rungume 'yar tana kuka tana cewa, "Amarya, kin taho? Na ɗauka sai Lahira." Kwana huɗu muka yi. Ta nuna mini jerin duwatsu da aka shirya a gangaren tudu don tare ruwa, da itatuwan da suka girma a bayansu. Aikin raya karkara na Keita ne, wanda aka fara a 1984 da taimakon ƙasar Italiya bayan fari, kuma mata ne suka fi yawa cikin masu ɗaukar dutsen, ana ba su abinci ladan aiki. Ta ce da wannan abincin ta ciyar da maigidana. Na dubi tafin hannunta, kunya ta rufe ni.

A dawowa saura kaɗan mu sake ɓata. A tashar Tawa na ce wa ɗan kamasho Illela za mu, ya ɗora kayanmu a wata mota. Ashe Nijar ma tana da tata Illelar, wadda ake ratsewa daga Badagishiri. Sai da Malam ya zo ya ce motar Konni muke nema.

Ga shawarata ga mai niyya. A aika wa mai masauki tun da sati, a kuma tanadi na biyu. A sayi layin waya na Nijar a Konni. A fita da sassafe, kada a yi tafiyar dare, a tambayi direbobi lafiyar hanya. An sake rufe iyaka bayan juyin mulkin Yuli 2023 har zuwa Maris 2024, Nijar kuma ta fice daga ECOWAS a Janairu 2025, don haka a bincika takardun da ake nema kafin a ɗaura kaya. A riƙi bargo, da 'yar tsarabar da ba a yi wa mai ita ba.

Gwaggo ta rasu kafin damina ta zagayo. Allah Ya jiƙanta, Ya sa Aljanna ce makoma. 'Yar'uwa, in akwai tsohuwar da ke jiran ki a wani ƙauye, kada ki yi irin jinkirina. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.