Billund: ƙauyen da rumfar kafinta ta mayar gari

A tsakiyar yankin Jutland na ƙasar Danmak, can arewacin Turai, akwai wani gari da ake kira Billund. Mutanensa ba su kai dubu takwas ba, amma filin jirgin samansa shi ne na biyu a girma a ƙasar, bayan na Kopenhagen babban birni. Mai karatu zai tambaya: mi ke kawo jirage cikin wanga ɗan gari? Amsar tana cikin tarihin wani kafinta.

Farkon ƙarni na 20, Billund ƙauye ne na manoma ƴan ɗaruruwa, bisa ƙasa mai rairayi wadda ba ta cika rumbu. Hanyar jirgin ƙasa ta iso shi a 1914. Bayan shekara biyu, wani saurayi mai suna Ole Kirk Christiansen ya sayi rumfar kafinta a ƙauyen, yana yi wa manoma gidaje da ƙofofi da kayan ɗaki. Gobara ta cinye rumfar a 1924, ya sake ginawa. Da tattalin arzikin duniya ya karye a farkon shekarun 1930, manoma sunka daina ba da aiki. A 1932, shekarar da matarsa ta rasu ta bar masa ƴaƴa maza huɗu, sai ya koma sassaƙa kayan wasan yara na katako. Bayan shekara biyu ya raɗa wa kamfanin suna LEGO, daga kalmomi biyu na harshen ƙasar masu nufin "yi wasa da kyau".

Hausawa sun ce mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romonsa. Wuta ta sake tashi a 1942, anka sake gini. A 1947 Ole ya kawo injin zuba roba, a 1949 anka fara yin ƴan tubalan roba da yara ke harhaɗawa su gina gida ko mota. Ɗansa Godtfred ya yi wa tubalin rajista a 1958, shekarar rasuwar tsohon. Gobara ta uku ta cinye rumbun kayan katako a 1960; daga nan anka bar katako kwata-kwata.

Abin lura shi ne iyalin ba su kwashe dukiyarsu sun tafi babban birni ba. Jirgin ƙasa ya daina zuwa Billund a 1957, sai kamfanin ya share wa kansa filin saukar jirgin sama a 1961, wanda ya zama na jama'a a 1964. A 1968 anka buɗe dandalin wasa na Legoland, kuma shekarar farko baƙi sama da dubu 600 sunka zo kallo. Ma'aikata sunka kwararo, anka gina unguwanni da lakwal da otel, lampo ya cika asusun magajin gari.

Amma garin da ya jingina da bango ɗaya, ranar da bangon ya tsage kowa zai rasa barci. A 2003 da 2004 kamfanin ya yi asara mai tsanani, wadda ta wuce miliyar guda na kuɗin ƙasar kowace shekara. Anka sallami ma'aikata da yawa, anka naɗa Jørgen Vig Knudstorp shugaba, mutum na farko da ba ɗan gida ba. A 2005 anka sayar da dandalin Legoland don rage bashi. A wancan lokaci, mai kanti da direba da ma'aikacin gwamnati duk makomarsu tana rataye da littafin lissafin kamfani guda.

Kamfanin ya farfaɗo. Yau yana da masana'antu a Cek, Hungari, Meziko, Sin da Biyetnam, amma hedkwatarsa tana nan Billund. Garin kuwa ya ɗauki darasi: anka buɗe wurin hutu na Lalandia a 2009, lakwal ta ƴaƴan baƙi a 2013, da Gidan Lego a 2017, don kuɗin masu yawon buɗe ido su taimaki na masana'anta. Sai dai yawancin waɗannan baƙi sunan LEGO ne ke janyo su, har gobe.

Ɗan kasuwar da ya zuba ribarsa a garinsu yana iya mayar da ƙauye birni. Sauran aikin na hukuma ne: ta nemo wa mutane wata hanyar abinci tun kasuwar attajirin tana ci.