Bayan Ritaya: Me Allah Yake So da Sauran Kwanakinmu?

A cikin ikkilisiyoyinmu muna yawan yin sujadar godiya domin 'yan'uwa da suka gama aiki. Ana yin anko, zumuntar mata ta yi waƙa, a ci a sha, a watse. Abin da ba mu cika magana a kansa ba shi ne safiyar Litinin da ke biye. Mutumin da ya shekara talatin yana fita ƙarfe bakwai ya farka, ya ga babu inda ake jiransa. Wayar da ba ta hutawa ta yi shiru. Waɗanda suke rusuna masa a ofis sun koma rusuna wa wani. Mun ziyarci dattawa da yawa a wannan hali, kuma abin da ya fi damunsu sau da dama ya wuce kuɗi: suna jin kamar amfaninsu ya ƙare.

A aikin gwamnati a Najeriya, ma'aikaci yana ajiye aiki idan ya kai shekara 60 da haihuwa ko shekara 35 a bakin aiki, duk wanda ya riga zuwa. Dokar da aka yi a 2022 ta ƙara wa malaman makaranta zuwa 65 ko 40. Wanda ya kama aiki yana da shekara 22 zai iya komawa gida yana da 57, da sauran ƙarfinsa, wataƙila ma da yara a makaranta. Idan Allah ya ba da tsawon rai, akwai shekara ashirin ko fiye a gabansa. Ba daidai ba ne mai bi ya shiga irin wannan dogon lokaci ba shiri.

Abin da Lawiyawa suka koya mana

Littafi Mai Tsarki ya yi maganar ajiye aiki kai tsaye a Littafin Ƙidaya 8:23-26. Ubangiji ya umarta Balawe ya fara hidima a alfarwa ta sujada yana da shekara 25, ya sauka yana da 50. Aikin nan na ƙarfi ne. A sura ta 4 mun ga yadda aka raba shi: waɗansu suna ɗaukar labule, waɗansu katakai da ginshiƙai, waɗansu kayayyaki masu tsarki. Allah da ya yi jikin mutum ya san akwai lokacin da kafaɗa ba ta iya ɗaukar abin da ta saba ɗauka, sai ya sa iyaka.

Amma umarnin bai tsaya nan ba. An yarda wa Balawen da ya sauka ya ci gaba da taimakon 'yan'uwansa wajen lura da alfarwar. An sauke masa kaya, an bar masa hidima. Har yanzu Balawe ne, domin kiransa bai dogara ga kayan da yake ɗauka ba. Haka yake gare mu. Takardar da ta ɗauke mu aiki ita ce take sallamarmu, amma wanda ya kira mu cikin Almasihu bai sa wa kiransa ranar ƙarewa ba. Malamin da ya ajiye alli yana iya koyar da ajin baftisma ko ya taimaki yaran unguwa da karatu. Ma'aikaciyar jinya tana iya auna hawan jinin tsofaffi bayan sujada. Akawu yana iya koya wa ma'ajin ikkilisiya yadda ake ajiye lissafin baiko. Da tsohuwar zuma ake magani.

Sanin lokacin sakin hannu

Akwai wani gefe da ya fi wuya. Balawen da ya sauka mai taimako ne, ragama tana hannun wani. A 2 Sama'ila 19 mun haɗu da Barzillai, attajiri daga Gileyad wanda ya ciyar da Dawuda a Mahanayim lokacin tawayen Absalom. Da sarki zai koma Urushalima, ya gayyace shi su tafi tare ya zauna a fada. Barzillai yana da shekara 80. Ya faɗa wa sarki gaskiya cewa bakinsa ya daina jin daɗin abinci, kunnensa ya daina jin mawaƙa, kuma zai zama nauyi ne kawai. Ya roƙa a bar shi ya koma garinsu, ya miƙa Kimham ya tafi a madadinsa.

Mun ga ikkilisiyoyin da suka sha wahala domin an rasa wannan hali. Mutum ya saba ba da umarni a ofis, da ya dawo gida sai majalisar dattawa ta zama sabon ofishinsa, ƙaramin fasto ya zama ɗan aikensa. Mu fastoci ma ba mu tsira ba: akwai wanda ya yi ritaya amma yana nan yana gyara wa magajinsa wa'azi a bayan fage. Tambayar da ta kamaci kowannenmu ita ce, wane ne Kimham ɗina? Wa nake shiryawa, kuma zan iya yin murna idan ya yi aikin ta wata hanya dabam da tawa?

Gida da aljihu

Mama ta shekara talatin tana tafiyar da gida ba tare da mai duba ta ba. Idan Baba ya dawo ya fara ƙirga mudun shinkafa yana tambayar inda aka kai canji, rigima ba ta da nisa. Ma'aurata su zauna tun kafin ranar ta zo, su yi magana: a birni za a zauna ko ƙauye za a koma, wa zai riƙe me, nawa za a iya ba 'yan'uwa. Wanda ya yi shekaru bai taka garinsu ba kada ya ɗauka zai isa ya tarar da gona da abokai suna jiransa.

Game da kuɗi, dokar fansho ta 2014 ta ce ma'aikaci ya riƙa zuba aƙalla kashi 8 cikin ɗari, mai ba shi aiki kashi 10, a asusun da ke da sunansa. Idan ya yi ritaya yana iya karɓar wani kaso a dunƙule, sauran a riƙa biyansa kaɗan-kaɗan. Ba dukan jihohi ne suke bin wannan tsari ba, kuma mun san 'yan'uwa da suka daɗe suna jiran garatuti. Saboda haka a fara haɗa takardu da wuri, a tabbatar suna da ranar haihuwa sun yi daidai a ko'ina. Idan kuɗin dunƙule ya fito, kada a yi gaggawa. Ba mu manta yadda MMM ya tsaya da kuɗin jama'a a Disamba 2016 ba, kuma irinsa suna ta dawowa da sababbin sunaye, wani lokaci ta bakin ɗan'uwa a majami'a. Kada a zuba dukan kuɗin a kiwon kaji ko motar haya idan ba a taɓa yin sana'ar ba. A fara kaɗan, a ware na magani.

Nauyin da ke kan ikkilisiya

Bai isa mu ba su kujerar gaba ranar biki ba. Dattawa su san waɗanda suka ajiye aiki a cikin shekarar, su ziyarce su cikin watannin farko, lokacin da kaɗaici ya fi tsanani. Idan mutum ya daina fita, ya daina cin abinci sosai, barci ya ƙi masa, a yi addu'a da shi, a kuma raka shi asibiti. Wanda fanshonsa ya makale, a taimake shi a asirce ba tare da an kunyata shi ba. 'Ya'ya kuma su tuna da gargaɗin Bulus a 1 Timoti 5 cewa kula da iyaye a kansu ya fara.

Sa'ad da Sama'ila ya miƙa jagorancin Isra'ila ga Saul, ya ɗauki daina yi musu addu'a a matsayin zunubi, ya kuma yi alkawarin ci gaba da koya musu hanya mai kyau. Wannan aikin yana nan a buɗe ga kowane ɗan'uwa da 'yar'uwa da suka ajiye aiki. Ubangiji ya ba mu alherin gama tserenmu da kyau. Amin.